WATA GOMA BABU TUKUNYA

Waɗanda suka saba karanta littattafaina sun san ni da labarin soyayya da kishi da uwar miji, kuma sun san komai daren daɗewa sai na ɗaura auren nan a shafin ƙarshe kowa ya huta. To yau ba irin wannan na kawo muku ba. Labarin ƙanwata ne, wadda tun tana goye muke ce mata Auta har sunanta na yanka ya kusa ɓacewa. Kuma tun yanzu ina gaya muku babu ɗaurin aure a ƙarshensa. Wadda ta sayi ɗan littafin nan domin ta ji an kai amarya, sai ta yi haƙuri da ni a wannan karon.

Mu mutanen Sanyinna ne, cikin ƙasar Tambuwal. Baba manomi ne, yana kuma ɗan taɓa fataucin hatsi. Inna kuwa sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ni ce babbar mace a ɗakinmu, tsakanina da Auta shekara goma. Abin da muka haɗa ni da ita shi ne kan lissafi. Tun ina 'yar firamare ni nake yi wa Inna lissafin cinikinta: tiya nawa aka soya, kwalba nawa ta fita, nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba. A sakandare ma malaminmu na lissafi yakan ce in fito allo in nuna wa maza. Amma da an tashi makaranta ga ɗiban ruwa, ga surfe, ga wanke-wanke, ga raino, kafin in buɗe littafi barci ya sace ni a kan tabarma. Ina gama sakandare aka yi mini aure. Ban ce an zalunce ni ba, domin kuwa Allah Ya haɗa ni da miji mai haƙuri, shi ne ma yake kai mini rubutuna wurin masu ɗab'i. Sai dai lissafin nan ya tsaya inda ya tsaya, bai wuce na adashi da na cefane ba.

Ita kuwa Auta Allah Ya yi mata gyaɗar dogo. Lokacin da ta taso yayyenta maza sun kawo ƙarfi, suka tsaya mata har ta samu shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Da aka ji abin da za ta karanta, matan unguwa suka yi ta riƙe haɓa. "Lissahi kuma? Ba likita ba, ba nas ba? Halan shago za a buɗe mata?" Ita dai ba ta tanka wa kowa ba, ta yi shekarunta ta fito da sakamako mai kyau, tana cikin na gaba-gaba a ajinsu.

Tana cikin bautar ƙasa ne wani malaminta ya ba ta labarin wata makaranta da ake kira AIMS, wato cibiyar nazarin ilimin lissafi ta Afirka. Wani masanin kimiyya haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Neil Turok ne ya jagoranci kafa ta a shekarar 2003, a garin Muizenberg kusa da birnin Cape Town. Burinsa shi ne nahiyar nan tamu ita ma ta fitar da manyan masana irin su Einstein. Daga baya aka buɗe rassa: Senigal a 2011, Gana a 2012, Kamaru a 2013, Ruwanda a 2016. Ta Gana an fara ta ne a Biriwa, wani gari na bakin teku, sannan aka mayar da ita Akara, babban birnin ƙasar.

Tsarinsu shi ne su zaɓo matasa daga ƙasashen Afirka waɗanda suka gama digirin farko a lissafi ko kimiyya ko injiniyanci, su tara su wuri ɗaya kimanin wata goma, a yi musu karatun digiri na biyu ba dare ba rana. Kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci, kuɗin tafiya, duk a kansu, har da 'yan kuɗin sabulu. Kuma suna ƙoƙarin ganin aƙalla kashi 30 cikin 100 na ɗaliban mata ne.

To amma 'yar'uwa, kada ki ji an ce kyauta ki ɗauka babu inda za a taɓa aljihu. Kafin a kai ga kyautar akwai kuɗin karɓo takardun sakamako, akwai na shiga intanet a cike takardar nema, akwai zirga-zirgar Sakkwato wurin malaman da za su rubuta mata shaida, in an dace kuma ga fasfo da katin allurar shawara. Auta ta zo gidana ta zauna bakin gado tana wasa da gefen mayafinta, ta ce, "Yaya, ina son in nema, amma ko sisi ba ni da, kuma ina tsoron Baba." A watan nan ni ce da kwasar adashi, kuɗin da na yi niyyar buga sabon littafina da su. Na kwana ina juyi. Da safe na ƙulle su a leda na ba ta, na ce ta nema tukuna, maganar Baba kuma in mun isa gaɓar ma san yadda za mu haye.

Bayan 'yan watanni saƙo ya zo an ɗauke ta, reshen Gana. Murnarmu ba ta wuce ta dare ɗaya ba, domin washegari muka durƙusa gaban Baba a zaure. Ya saurare mu har muka gama, yana jan carbi, sannan ya ɗago ya dube ni, ba ita ba.

"Ke ce babba, ke za ni tambaya. Ɗiya macce ta ƙetare ƙasa ita ɗai, wata goma, mi mutane ka cewa? Sannan wagga kyauta ban gane mata ba. Sun ba ta ɗaki, sun ba ta abinci, sun biya jirgi. To su mi za su samu?"

Wallahi tambayar Baba tambaya ce ta mai hankali, kuma duk uban da bai yi ta ba bai san ciwon 'yarsa ba, a wannan zamani da ake yaudarar 'yanmata da sunan aiki ko karatu a waje. Na rasa amsa. Sai na garzaya wurin Kawu, ƙanin Inna, wanda ya yi karatun zaure ya kuma yi shekaru yana koyarwa a firamare. Kawu bai yi gaggawa ba. Sai da ya je Sakkwato da kansa ya ga malamin nan na Auta, ya ga takardun, aka haɗa shi da wani wanda ya taɓa yin karatun ya dawo, sannan ya zo wurin Baba da dare. Ni da Inna muna bayan ƙyaure muna saurare.

Ya ce masa ribar masu makarantar ita ce yaran su dawo su yi wa ƙasashensu aiki, kamar mai ba da iri ne ba mai ba da tuwo ba. Ya tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, yadda jajis ɗinta suke jagorantar 'Yan Taru, tsofaffi da 'yanmata, su taso daga ƙauyuka a ƙasa su zo ɗaukar karatu wurinta su koma su koyar. Ya ce tafiyar mace neman ilimi a ƙasar Sakkwato ba baƙon abu ba ne. Ya ce shi kansa lissafin ba kayan Turawa ba ne: da me ake rabon gado in ba da shi ba? Ya kawo labarin Malam Muhammadu al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya je aikin hajji ya zauna a Misira, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Daga ƙarshe ya yi dariya ya ce, "Kuma ina ne Gana? Ba ita ce hanyar Gwanja ba, inda fatake sunka yi ta zuwa da jakai ɗauko goro? Su wata da watanni sunka yi bisa hanya, ita ko kwana guda ta isa."

Baba ya yi shiru har muka zaci ya yi barci. Can sai muka ji ya ce, "Ta tahi. Amma ita babbar ita ta ɗauko wagga magana, in wani abu ya faru ita za ni tambaya." Na ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ka.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi ɗaci. Akwai wanda yake neman Auta, yaro mai hankali, har manya sun fara shiga maganar. Ta roƙe shi ya jira ta wata goma. Shi ya so ya jira, amma gidansu suka ce ba za su zauna jiran wadda ta tafi yawon duniya ba. Ba ta yi wata huɗu da tafiya ba aka ɗaura masa aure da wata. Ni aka bar wa aikin gaya mata. Ni da nake rubuta rabuwar masoya a littafi kamar wasa, ranar nan sai da na kira ta sau uku ina kashe wayar kafin ta ɗauka.

Amma bari in koma baya kaɗan, domin tun kafin wannan ta riga ta sha kukanta na farko. Satin farko saƙonninta a WhatsApp duk murna ne. Ga ɗakinta, ga kwamfutar da aka ba ta ta yi aiki da ita, ga abokiyar zamanta 'yar Habasha, ga wasu daga Sudan da Kenya da Kamaru. A sati na uku, wajen ƙarfe ɗayan dare, wayata ta yi ƙara. Na fita tsakar gida don kada in tashi maigida. Kuka take yi kamar ranta zai fita.

"Yaya, ni gida za ni dawo. Wallahi ban san komi ba. Ashe duk shekarun nan hadda na yi."

Da na lallashe ta sai ta warware mini. Karatun can ba irin wanda ta saba ba ne, wanda za a yi wata huɗu ana darasi sannan a yi jarrabawa. Kowane darasi sati uku ne cak. Malamai suna zuwa daga jami'o'in duniya daban-daban, kowa ya yi sati ukunsa ya tafi, wani ya zo da sabon fanni. Aikin gida kuwa kafin ki miƙa wannan wani ya iso. Sannan ana son ta riƙa ba kwamfuta umarni da wani harshe da ake kira Python, ita kuwa kwamfuta a allo da takarda ta fi saninta. Ga Turancin malaman kowa da irin nasa, wani kamar yana tauna ƙashi.

Abin da ya fi karya mata zuciya shi ne wani aiki da ta yi, amsarta ta fita daidai, amma aka dawo mata da takardar an rubuta: ina hujja? Ta ce ita ta saba a ba ta ƙa'ida ta haddace, ta zuba lambobi, amsa ta fito. A can kuwa ba amsar suke nema ba, so suke ki nuna dalilin da ya sa dole amsar ta zama haka, ta yadda ko mai gardama ya karanta ba shi da ta cewa. Yarinyar da ta saba zama ta gaba-gaba, yau ga ta tana jin ita ce kurar baya.

'Yar'uwa, a nan zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tana kukan nan, wani ɓangare na zuciyata yana tausayinta, wani kuma yana tafasa. Na ce a raina, ke da aka ba ki abin da ni ko a mafarki ban samu ba, shi ne kike kuka? Kishi ne, ba zan sake masa suna ba. Kishin 'yar'uwa ta ciki ɗaya. Na yi ta'awizi, na haɗiye, sannan na tambaye ta, "Auta, yau wa ya dafa miki abinci?" Ta ce masu dafawa. "Wa ya aike ki? Wa ya ce ki sauke littafi ki ɗauki ɗansa?" Ta ce babu. Na ce, "To tun da uwarmu ta haife mu, wace mace kika sani a Sanyinna da aka taɓa ce mata ga wata goma, babu tukunya, babu guga, ki zauna ki yi tunani kawai? In za ki dawo ki dawo, ni zan tari Baba. Amma ki ƙara sati uku tukuna." Ta yi shiru, sannan ta ce to.

Sati ukun nan su ne suka zama wata goma. Abin da ya cece ta, in ji ta, shi ne a can ɗalibai da malamai da mataimakansu duk wuri ɗaya suke wuni, tare ake cin abinci. Mataimakan nan matasa ne da suka riga su yin karatun, ko da dare ne za ki same su ki ce ban gane ba. Ranar da ta cire kunya ta furta kalmar nan, "ban gane ba," sai ta ga ashe rabin ajin ma ba su gane ba, kowa yana ɓoyewa ne. Suka haɗa ƙungiya su huɗu. Ita ta fi su ƙarfi a wani fanni, wani ɗan Kenya ya fi su sanin kwamfuta, kowa ya kawo abin da yake da shi, kamar dai adashi.

Ta ce mini akwai wata tambaya da ta yi kwana uku tana fama da ita. Ta kwanta da ita, ta tashi da ita, ta ci abinci da ita. A rana ta uku, tana alwalar Asuba, sai hanyar ta buɗe mata tar kamar an ɗauke labule. Ta ce, "Yaya, ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Kuma na gane da a gida nake ba zan taɓa kaiwa rana ta uku ba, domin tun a sa'a ta farko za a kira ni." Wannan magana ta zauna mini a rai.

Da labarin auren nan ya same ta na zaci shi ke nan, za ta tattaro kayanta. Ta yi kukanta kwana biyu, abokiyar zamanta tana kawo mata abinci ɗaki. A na uku ta wanke fuska ta koma aji, domin darasin sati uku ba ya jiran mai baƙin ciki. Ranar hutu kuma 'yar Habashar nan ta ja ta zuwa unguwar Nima, wadda take cike da masu jin Hausa. Ta ce tana shiga ta ji wata tsohuwa tana ce wa jikanta "zo nan," sai ta tsaya cak. Ta sha koko da ƙosai, ta ci tuwon zafi, ta ci shinkafa da waken da mutanen Gana suke kira waakye, sunan da suka aro daga bakinmu. Tsohuwar ta tambaye ta daga ina, ta ce Sakkwato, sai ta kama hannunta ta ce ai ita ma kakanta daga can ya zo. Ashe Kawu ya yi gaskiya, hanyar Gwanja ba ta mutu ba.

A watannin ƙarshe kowane ɗalibi yakan zaɓi matsala ɗaya ya yi bincike a kanta, ya rubuta, sannan ya tsaya gaban malamai su yi masa tambayoyi. Auta ta zaɓi zazzaɓin cizon sauro, ciwon da kowace damina yake kwantar mana da yara. Na ce mata me ya haɗa sauro da lissafi? Ta ce wani likita Bature mai suna Ronald Ross, wanda ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar cutar, shi ne kuma ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauron duniya duka ba kafin ciwon ya ja baya. Idan mai ciwo ɗaya yana jawo wa fiye da mutum ɗaya kamuwa, ciwo zai yi ta yaɗuwa. Idan aka rage cizon har ya zama bai kai mutum ɗaya ba, ciwon zai yi ta raguwa da kansa. Aikinta shi ne ta lissafa yadda shiga gidan sauro da zuwan damina suke ɗaga wannan adadi ko su sauke shi. Tun daga ranar na daina ganin gidan sauro a matsayin kariyar mai kwana cikinsa kaɗai. Ashe maƙwabci ma yana cin moriya.

Ta dawo ana tsakiyar damina, ta rame, amma idonta ya buɗe. Baba ya karɓi takardar shaidarta ya juya ta gaba da baya, ya sa mata albarka, sannan ya dube ni ya ce, "Kin hita." Kalma biyu, amma sai da na zauna.

To ga inda labarin ya juyo kaina. Duk watannin da Auta ba ta nan, Inna ga tsufa ga ciwon ƙafa, wa kuke tsammani yake yi mata aikin da Auta ta saba yi in tana gida? 'Yata ce ta fari, mai shekara goma sha ɗaya. Ni da kaina nake tura ta kullum in ta taso makaranta, ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta kai ƙuli kasuwa. Yayyenta maza biyu kuwa suna filin ƙwallo. Ban taɓa ganin aibin haka ba, domin haka aka yi mini.

Wata rana da la'asar muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidan Inna, sai Auta ta kira yarinyar. Ta ajiye ƙwayar gyaɗa ɗaya a tabarma. Ta ƙara uku ta gefe da ƙasa, suka zama layi biyu, kowane layi biyu, huɗu ke nan. Ta ƙara biyar, suka zama layi uku-uku, tara. Ta ƙara bakwai, layi huɗu-huɗu, sha shida. Sannan ta ce, "Ɗaya, uku, biyar, bakwai, haka-haka. In na yi ta ƙarawa har sau ashirin, gyaɗa nawa ke nan? Kada ki ƙirga, ki duba." Yarinyar ta tsuguna ta ƙura wa gyaɗar ido. Ni kuwa ga shi Magariba ta gabato, ba a wanke tukwane ba, har na buɗe baki zan ce ta tashi. Auta ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Muka yi shiru. Can yarinyar ta ce, "Layi ashirin ne, kowane ashirin. Ɗari huɗu." Auta ta ce don me? Ta ce, "Don kullum abin da ake ƙarawa gefe ɗaya ne da ƙasa ɗaya da ƙwaya guda a kusurwa, dole ya sake zama daidai ta kowane gefe."

Auta ta juyo ta ce, "Yaya, kin ji hujja. Abin da na je Gana na yi kuka a kansa ke nan. Ita ga shi ta kawo shi a kan tabarma, don dai an bar ta minti goma."

Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu. A ranar na gane cewa wata goman da aka ba ƙanwata, wani ɓangarensa daga lokacin 'yata na yanko na biya. Ni da nake kukan an tsayar da lissafina, ni ce nake tsayar da na wata, da hannuna, ina ganin tarbiyya nake yi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce kada 'ya mace ta koyi girki da aikin gida ba, ni ma da shi nake zaune lafiya a ɗakina. Amma yanzu a gidana akwai doka: daga bayan La'asar zuwa Magariba, sa'a biyu, babu mai aiken yarinyar nan, ko ni ko babanta ko baƙo. Ruwa kuwa mazan suke ɗebowa, kuma har yau ban ga hannun wanda ya karye ba. Da farko maigida ya yi dariya ya ce na buɗe jami'a a gida. Yanzu shi ne yake korar masu zuwa aikenta.

Auta tana koyar da lissafi yanzu, tana kuma neman inda za ta ci gaba da karatu. Ba ta yi aure ba tukuna, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce abin ba ya damun Inna ba, ko in ce masu magana sun daina. Ita ma takan yi shiru wani lokaci in an yi guɗa a unguwa. Na tambaye ta ko ta yi nadama, ta ce ta yi rashi, amma ba ta yi nadama ba. Aure kuwa lokaci ne, muna yi mata addu'ar na gari wanda zai san darajar abin da ta ɗauko.

Ke budurwa mai karatun lissafi ko kimiyya, irin waɗannan damammaki suna nan. Ki riƙe sakamakonki da kyau, ki saba da malamanki domin su za su yi miki shaida, ki koyi kwamfuta tun yanzu, ki tanadi takardunki tun kafin a buɗe nema. Kada ki yi a ɓoye, ki nemo babba mai hankali irin Kawu ya bincika ya shige miki gaba. In kuma wani ya ce ki turo kuɗi ya sayar miki da gurbin karatun kyauta, ki kama kanki, macuci ne. In kin isa can kuma kika ji kamar ba ki san komai ba, ki ƙara sati uku.

Ke kuma uwargida 'yar'uwata, ni da ke ba mu da kuɗin jirgi, ba mu da ɗakin kwana a Akara da za mu ba kowa. Amma sa'a biyu a rana tana hannunmu. Yau in kin ga 'yarki ta duƙufa a kan littafi, tsintsiya kuma tana kusa da ke, ki ɗauka ki yi sharar da kanki.

Littafin nan nawa da na fasa bugawa, sai bayan shekara guda ya fito, da kuɗin albashin Auta na farko. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa mu ga amfaninsu. Sai mun haɗu a na gaba, wanda in Allah Ya yarda akwai biki a cikinsa.

Taku har kullum.